Autan Cikin Tele

Ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, wata Asabar cikin bazara, na fara yi wa kakata ƙarya. Na san lokacin daidai domin agogon babana yana hannuna, kuma shi na duba don kada in dubi fuskarta. Kwanan baya na ji kiɗan buɗe shirin telen da muke kallo a lokacin yana tashi daga wayar wata yarinya cikin motar haya a Yamai, sai ranar ta dawo mini gaba ɗayanta.

Gidanmu a Tsarnawa yake, bayan babbar hanya. A lokacin mu kaɗai ke da tele a unguwar. Ƙanen babana ne ya aiko da ita daga bida, can ƙasashen bakin teku inda samarin garinmu ke tafiya bayan girbi. Shi ne autan Kaka. Telen ita ce saƙonsa na ƙarshe. Daga nan lambarsa ta daina shiga, waɗanda suka dawo kowa da abin da yake faɗi, wani ya ce ya gan shi a tasha, wani ya ce ya haura arewa. Shekara uku ke nan a lokacin da abin nan ya faru.

Batirin mota ne ke ɗaukar telen, farantin sola na cika shi da rana. Ba ya jure dogon kallo, shi ya sa Baba ke ba ni agogonsa Asabar da Lahadi, in kunna ƙarfe biyar cif, in kashe da an gama. Matan unguwa su cika rumfar Kaka, kowa da aikinta a cinya, mai ɓarar gyaɗa, mai tsifar kai. Ƙamshin soyayyar albasa na shigowa ta katanga, zafi na tashi daga ƙasa ko da an yayyafa ruwa.

Shirin na wata ƙasa ne mai nisa, an juya shi da Faransanci. Ni kaɗai ce mace mai zuwa lakwal, wato makarantar boko, a gidan, ina aji na shida, don haka ni ce tafinta. Ni da ba na iya ɗaga ido in gaida baƙo, a nan kaɗai ake jin muryata. Ina da kaye na musamman, littafin rubutu mai bango shuɗi, inda nake rubuta wane ɗan wane ne, wa ke fushi da wa, don kada in yi kuskure.

Sunayen mutanen fim ɗin ba su zauna a bakin kowa ba, sai aka raɗa musu namu. Akwai Mai Gashin Baki, akwai Doguwa, akwai Uwar Gona. Gardama kuwa ba ta ƙarewa.

“Wannan kukan na Doguwa albasa ce,” in ji Gwaggo, yayar babana. “Na rantse har Galmi garin albasa suke aikowa a saya musu.”

“Ke dai ba ki sonta ne,” in ji Inna. “Tun da ta ƙi Mai Gashin Baki kike jin haushinta, kamar ke ya nema.”

“Ni? Wannan da ko gaisuwa bai iya ba? Ya shiga gidan surukai da takalmi!”

Kaka ba ta shiga irin wannan. Mutum ɗaya take jira, ɗan Uwar Gona, siririn yaro mai wushirya, wanda ya bar gonar uwarsa ya shiga jirgin ruwa neman aiki. Tun ranar da ya rungumi uwarsa a bakin hanya Kaka ta ce, “Ga Auta.” Ba wanda ya yi dariya, sunan ya bi shi. Da ya fito sai ta ajiye carbinta ta taɓa gwiwata.

“Mi yac ce, ’yar lakwal?”

A ranar Asabar ɗin, wani mutum mai kaki ya zo ƙofar Uwar Gona da hula a hannu. Maganarsa ba ta da wuya, ko ’yar aji uku za ta gane. Jirgin ya nutse, ba wanda ya fita, ba a samu gawa ba. Uwar Gona ta sulale ƙasa tana riƙe da ƙyauren ƙofa.

Hannun Kaka ya sauka a gwiwata.

“Mi yac ce?”

Na dubi agogo. Na ji kaina ina cewa, “An kama shi, Kaka. Takardunsa ba su cika ba, an rufe shi a wata ƙasa. Amma yana da lafiya.”

Rumfa ta ɗauki salati. Gwaggo ta ce ai haka aka yi wa mijin wance, wata takwas ya yi ya fito. Kaka ta ɗauki carbinta ta ce, “Mai rai ai shina dawowa.”

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Ban san ƙarya ɗaya tana bukatar abinci kowane mako ba. Washegari aka nuna mutane cikin baƙaƙen kaya, sun taru gaban hotonsa da furanni. A wajenmu baƙin tufafi ba ya nufin komai, ba kuma a ga makara ba, sai na ce addu’a ce suke yi a sake shi. Inna ta ce Allah sarki, su ma ashe suna da zumunci. Da lauya ya zo kan maganar gadon gona, na ce shi ne zai je ya fito da yaron. Na buɗe sabon shafi a bayan kayena, na ja layi a tsakiya. Hagu abin da suka ce, dama abin da na ce. Kafin kowace Asabar sai na yi bitar dama kamar darasin jarrabawa.

Wata rana aka nuno shi da kansa, yana dariya cikin gona, uwarsa ce ke tuna baya. Mata suka yi guɗa, wata ta zubar da gyaɗarta. Na ce mafarki ne Uwar Gona ke yi. Kaka ta daɗe tana kallon telen, sannan ta ce, “Nima haka yake zo mini, da kayan da ya tafi da su.”

Abinci ya daina shiga mini ranar Asabar. A makarantar allo malam ya yi magana kan maƙaryaci, na ji kamar da yatsa yake nuna ni. Sau biyu na je ɗakin Kaka da niyyar faɗa mata, na tarar tana lissafa wa Inna makonnin da suka rage a saki Auta, sai in ɗauki buta in fita kamar ita na zo nema. Mako bakwai muka yi a haka.

Ana gab da saukar ruwan farko aka kawo sabon dirakta lakwal ɗinmu. Matarsa ’yar Yamai ce, mai fara’a, Hausarta da ɗan gargada. Ta ji labarin telenmu, ta zo wata Lahadi da ledar cincin. Aka ba ta kujera kusa da Kaka. Kafin biyar ta yi, hira ta yi daɗi, domin ta kalli shirin nan tun bara, ta san har wadda Mai Gashin Baki yake aure a gaske. Gwaggo ta matso.

“Madam, ki hwaɗa muna gaskiya, kukan Doguwa albasa ne ko?”

“Magani ne suke ɗigawa a ido,” ta ce tana dariya. “Amma ni tun da yaron nan mai wushirya ya mutu fim ɗin ya fita raina. An ce wani aiki ya samu a wata ƙasa, shi ya sa suka nutsar da jirginsa.”

Ba wadda ta ƙara ɓare gyaɗa ko ɗaya.

“Wane yaro?” in ji Inna.

“Ɗan matar gonar nan. Ba ku ga zaman makokinsa ba?” Sai Madam ta juyo gare ni ta tambaye ni da Faransanci, a hankali, ko ban gane wurin ba ne. Ta buɗe mini ƙofar fita, da na ce ban gane ba da an yi mini dariya an wuce. Amma kayen yana kan cinyata, kuma ban taɓa iya cewa ban san abin da na sani ba. Na ce na gane.

“La’ilaha!” in ji Gwaggo. “Mako bakwai muna roƙon Allah ya saki gawa! Wannan ita ce bokon? To mi da mi kuma kinka sauya muna? Ko Doguwar ma namiji ce?”

Wasu suka yi dariya, wasu suka kasa. Kallon da Inna ta yi mini ya isa. Kaka ta miƙe da ƙyar, ta naɗe tabarmarta ta ce za ta je ta yi haramar magariba. Agogo bai kai biyar ba, rana tana saman katanga.

Daga ranar ban sake fassara ba. Nakan kunna telen in ba Inna agogo in shige ɗaki da littafi. Madam ta riƙe aikin na ’yan makonni, daidai take faɗin komai, amma Kaka ba ta ƙara fitowa rumfa ba. Damina ta kankama, kowa ya koma gona, batirin ma ya mutu ba a sake shi ba. Kaka ba ta canza mini fuska ba, tana ajiye mini ƙanzon tuwo kamar kullum, sai dai maganar ba ta taɓa haɗa mu ba. Na ɗauka na kashe mata ɗa sau biyu, na kuma mai da ita abin dariya gaban baƙuwa. Da wannan na tafi kwaleji a Konni, da shi na wuce Tawa, da shi na zo Yamai. Ƙanen babana har yau babu labarinsa.

Yanzu ba a taruwa kallo a gidanmu. Kowa da wayarta a ɗakinta, fina-finan ma an juya su da Hausa, ba mai bukatar tafinta. Gardamar ’yan wasa ta koma saƙon murya, Gwaggo na zagin wani mai gashin baki daban tana aika wa ƙawayenta. Telen tana ɗakin Kaka, an rufe ta da zane, an ɗora kwanon goro a kai. Baba ya so ya ba masu gyara, ta hana.

Bayan na ji kiɗan nan a mota na kasa karatu kwana biyu, sai na nemo kayen cikin akwatina na kama hanyar gida. Na tarar da Kaka a bakin ƙofarta da hantsi, idanunta sun yi fari, da murya take gane mutane. Na gaishe ta, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Sai da na tattara duk ƙarfina.

“Kaka, fim ɗin nan na Auta. Ƙaryar da na yi miki. Shekara goma sha wani abu ina son in tambaye ki ko kin yafe mini.”

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Sannan ta lalubo gwiwata, daidai inda take taɓawa da.

“’Yar lakwal, ke kina tsammani sai da Faransanci ake gane uwar da ɗanta ya mutu? Tun da matar nan ta kama ƙyaure na sani. Na tambaye ki ne in ji mi za ki ce, kinka ce shina da rai, ni ko na zaɓi naki. Ba ƙaryar ta ɓata mini rai ba. Abin da kinka yi mini shi ne kin bar mini yaro a rufe, kin tashi kin tafi karatu. Gyara zama. Lauyan nan, ya je ko bai je ba?”