Ƙahonin da Suka Hana Mata Jin Karatu a Cadawa

Har in mutu ba zan manta ranar da Alhaji Mamman mai hayar kayan sauti ya kira ni jahili ta makirfo ba, a gaban jama'ar Cadawa, kan laifin da shi ya yi da kansa.

Ni Idi, shekara ashirin da ɗoriya ina haɗa akwatunan lasifika a Gazawa. A lakol, makarantar boko, aji biyar na yi na fito, ban ɓoye wa kowa ba. Ku yaran yanzu da kuke wannan sana'a, ku saurara. A akwati, babbar lasifika ita ke ba da nauyin murya. Ƙaramar ta sama, wadda muke ce wa tuwita, ita ke fitar da haruffa har a gane magana, kuma ƙahon da aka ɗaura mata ne ke nuna wa sautin hanya. Dogon ƙaho mai tsukakken baki yana harba murya nesa, amma a miƙe kamar hasken tocila. Gajere mai faɗin baki ba ya nisa, sai dai yana watsawa dama da hagu.

Shekara huɗu ke nan, bayan Sallar Layya, aka ba Alhaji aikin walimar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya. Ya ɗauke ni in haɗa masa akwatuna, na je Cadawa na duba filin. Faɗi gare shi, ba tsawo ba. Maza a tsakiya, mata kuwa can gefen hagu bayan zana, kamar yadda aka saba. Na ce masu faɗin baki za a sa.

Sai ga shi da dogaye guda huɗu masu ƙyalli, ya sayo daga tsallaken iyaka.

"Alhaji, waɗannan na filin idi ne. Mata ba za su ji ba."

"Kai Idi, kaya nawa ne ko naka? Jama'a su ga abu na walƙiya, shi ne talla. Ɗaura!"

Na ɗaura. Amma na jefa tsofaffin ƙahonina masu faɗin baki cikin buhu na taho da su.

Ranar Lahadi da ƙarfe uku aka tada gurup, injin wuta. Ɗaliba ta farko ta fara karatu. Malaman da ke sahun gaba suka shiga yamutsa fuska, sautin na sukar kunne. Bayan zana kuwa sai gurnani. Alhaji ya murɗa ampili ya ƙara ƙarfin sauti, makirfo ya saki wata ƙara har jarirai suka fashe da kuka.

Wata tsohuwa ta ɗaga zana ta leƙo. "Ku bayin Allah! Jikata ce ke karatu, daga Gidan Rumji na zo. Mi take cewa? Ko injin niƙa kuka kawo muna?"

Shugaban makaranta ya juyo yana kallon Alhaji. Nan Alhaji ya karɓi makirfo ya ce a yi haƙuri, wanda ya haɗa akwatunan jahili ne, bai yi karatun abin ba. Ya ambaci sunana da na garinmu. A sana'armu suna shi ne shago. A cikin taron nan akwai limamai uku da na yi wa masallatansu aiki.

Da aka kira la'asar na bi sahu, ana sallamewa na tashi ban tsaya addu'a ba. Na nufi akwatunan da kayan aikina. Na kwance dogayen nan, na ɗaura nawa masu tsatsa, na karkata akwati biyu wajen zana.

Aka sa yarinyar ta sake daga farko. Aya uku ta yi, guɗa ta tashi daga wajen mata. Na ji Alhaji yana gaya wa shugaban makaranta wai shi ya ba da umarnin gyara.

Abin da aikin nan ya koya mani ke nan: fili ake fara dubawa kafin ƙaho, kuma mai kaya ba ya yin laifi muddin akwai ma'aikaci kusa. Tun ranar ban sake taɓa akwatinsa ba.

Kafin in tafi na kwashi ƙahoninsa huɗu na zube a gabansa, na zare makirfo na miƙa masa.

"Alhaji, ɗazu da ka zage ni, ta ƙahoninka zagin ya fita, mata ba su ji ba. Yanzu jahili ya gyara, kowa na ji. Ungo, maimaita."