Matar da ta ƙi taɓa jan biro

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa ofis. Ta kakkaɓe tebur da gefen mayafinta, ta ajiye tambari da baƙin biro, sannan ta leƙa layi ta ce tsofaffi su shigo su zauna. Haka muka fara sanin matar da muke kira Uwar Rajista, wadda jiya ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya.

A zamaninmu akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda duk ya zo neman takardar shaidar ɗan ƙasa, sai a tambaye shi inda aka haifi kakansa. In daga wani wuri ne, a ja jan layi a kusurwar fayil ɗinsa, a jefa shi durowar ƙasa ya yi ta barci. Ba takarda, ba makaranta, ba aiki, ba ƙuri'a. Ita ko ta ce hannunta ba zai taɓa jan biro ba. Wani tela da ya yi shekara shida yana sintiri ya gaya mini cewa sunan 'yarsa kawai ta tambaya, ta buga tambari. A makon yarinyar ta samu shiga jarrabawa.

Da magana ta kai kunnen shugaban ofis, ya tara mu ya tambaya ko akwai mai goyon bayanta. Teburina manne yake da nata, kwano ɗaya muke cin abincin rana, amma wallahi takalmina na tsaya kallo. Aka mayar da ita ɗakin ajiyar fayil, ɗaki ba taga, shekara goma sha tara. Kujerarta kuwa ni aka ba. Ranar da aka soke ƙa'idar, mu ne gaban kyamara muna washe baki, ita tana can tana tari cikin tsofaffin takardu.

Yaya, ke ce kika yi aikin, mu muka sha tafi. Ke ce mai baƙin biro, wadda ba ta taɓa tambayar kakan kowa ba. Idonki ya dushe a ɗakin nan, kuma da hannuna a ciki. Kunya nake ji har yau.

Jiya na same ta tana haɗa kayanta, na ce ta yafe mini. Ta yi dariya, ta ce har yanzu ina nan da son hanya mai sauƙi. Sai ta nuna mini wata kanta cike da fayil-fayil masu jan layi a bayan ƙofa.

"Ni na yafe tuntuni, ƙanena. Amma ga waɗanda ka ja wa layi, na ware maka su, da adireshin kowa. Wasu na raye."

Mun gode, Yaya, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma masu riƙe da tambari a yau, in an tara ku an yi irin wannan tambayar, ku ɗaga kai. Ni gobe da safe zan fara ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma ban san ƙofa nawa zan tarar mai ita ya riga ya rasu ba.