Alamar da ke Cikin Murfi

Ita ce 'yar fari ga Mai-Gilashi, wanda ya shekara arba'in yana gyaran agogo a kan teburi ɗaya, jika kuma ga wani mai gyaran sikeli da ba a taɓa kama awonsa da tauyewa ba. A shagon agogon da take aiki ana kiranta Daƙiƙa, domin a shekara goma sha shida da ta yi a can ba ta taɓa makara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tun tana ƙarama ta iya kara agogo a kunne ta faɗi ciwonsa.

Kujerarta tana gaban akwatin gilashin da ake jera tsofaffin agoguna, irin waɗanda ake murɗa musu kai kowace safiya. Nan masu tara agogo suke tsayawa. Mutane ne masu wuyar sha'ani. Sukan zo da tambayar da suka riga suka san amsarta, don su auna mai shago. Babbansu wani tsohon injiniya ne mai agogo arba'in da ɗaya.

“'Yata, uwargida ta ce in na ƙara ko ɗaya, ni da su za mu koma gareji,” yakan ce. Bai taɓa fita hannu rabbana ba.

Akwai wani agogo mai baƙar fuska da Injiniya ya shekara goma sha ɗaya yana nema. Rannan Maigida, mamallakin shagon, ya samo shi, ya aika aka kira Injiniya, ya zo. Sharaɗin Injiniya ɗaya ne: kada a ce an taɓa canza wani abu a cikinsa.

“Yadda ya fito daga kamfani haka yake,” in ji Maigida. “Daƙiƙa, buɗe masa ya gani.”

Ta ɓalle murfin baya, ta maƙala gilashin ƙara girma a ido. Masu gyara na da suna da wata ɗabi'a: duk wanda ya yi aiki a agogo yakan karta 'yar alamarsa a cikin murfi da tsinin allura. Ta ga ɗigo uku a jere, da ɗan layi a ƙarƙashinsu. Ɗigo ukun na mahaifinta ne. Layin kuwa ba ya jansa sai ya cire ƙarfen asali ya sa wani. A duniya babu wanda ya san wannan sai ita, domin shi ƙasa ta rufe masa ido tun shekara tara. Da ta yi shiru, ko Injiniya da gilashinsa ba zai gane ba, don aikin ya yi tsaf.

“Baba Injiniya, an canza masa abu ɗaya. Wannan ƙaramar ƙafar mai haƙora ba tasa ba ce.”

Maigida ya yi tarin da ba na mura ba. Injiniya ya daɗe yana kallon agogon, sa'an nan ya ajiye shi a hankali, ya yi sallama.

Washegari ta tarar an mai da kujerarta bakin ƙofa, wurin sa batir da huda maɗauri. Ta zauna ta kama aiki. Mako uku tana can, masu tara agogo suna shigowa suna tambayar Maigida abubuwa, yana amsawa da “ai mai kyau ne”.

A mako na huɗu Injiniya ya dawo rungume da akwati.

“Ina 'yata? Ga agogunana nan duka. Ki buɗe ɗaya bayan ɗaya ki gaya mini gaskiya, ko da za ta hana ni barci.”

Maigida da kansa ya ɗauko kujerar ya mayar gaban gilashi, fuskarsa a ɗaure. Yini biyu tana dubawa. Bakwai daga ciki ba yadda aka sayar masa suke ba. Injiniya ya rubuta su a takarda, ya ce aƙalla yanzu ya san da wa yake zaune.

Bayan ya tafi, Maigida ya jingina da akwatin gilashi.

“Ke dai gaya mini. Ba wanda ya gani sai ke, kin kuma san abin da zai biyo baya. Me ya sa kika faɗa?”

Ta ci gaba da goge gilashin idonta da gefen mayafi.

“Maigida, Baba ya ja layin nan ne don wanda zai buɗe bayansa ya karanta. Da na yi shiru, da na mai da shi maƙaryaci, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa.”