Takardun da Na Cusa a Murhu

Na daɗe ina tuƙa tuwo a unguwar Gataa El Oued, a wannan ƙasar baƙunci da ke ƙetaren hamada. Masu cinsa magina ne da masu ɗaukar siminti, yawancinsu ƴan gida, daga wajen Damagaram da Maradi. Ban taɓa taka lekkol, makarantar boko, ba, amma rumfata tana da doka guda: ba a tambayar mutum garinsu, ba a tambayarsa ta wace hanya ya shigo. Ka wanke hannu, ka ci. In ka so magana, bakinka naka ne. Da wannan na riƙe mutane, ba da daɗin miya ba.

Jikata ce ta karya dokar, ɗiyar ɗana mai kanti a unguwar Tahaggart. Ta tafi jami'a, aka ce tana karatun yaƙe-yaƙen duniya da haƙƙin ɗan Adam. Na tambaye ta likita za ta zama ko alƙali. Ta ce an haɗa musu duka ne: tarihi, shari'a, labarin ƙasa, har da yadda fari ke korar mutane daga gonakinsu. Na ce miyar da aka zuba wa komai, Allah ya sa ta ciwu.

A shekararta ta ƙarshe aka ce ta rubuta littafi kan masu ƙetare hamada. Da ta zo hutu, ta roƙe ni ta zauna a rumfata. Na yarda, don na zaci zama za ta yi ta buɗe kunne. Rasuwa ta kai ni garin Abalessa, na bar mata tukunya kwana uku.

Ranar da na dawo, azahar ta yi, benci babu kowa. Tuwo ya huce a kwano. Ina kallon mutanena suna wucewa ta bakin hanya, kowa ya kau da kai kamar ya ga jandarma.

Ita da kanta ta nuna mini dalili, har tana murna. Takardu ne tuli guda. Kafin mutum ya ba da labarinsa sai an rubuta sunansa da garinsu, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, wai shaidar da son ransa ya yi magana. Malamansu suka ce haka ake kare haƙƙin mutum.

Da son ransa. Wanda ya shekara yana cin tuwona, jikata ta miƙa masa alƙalami, da wane baki zai ce a'a? Kunya ce ta sa hannu, ba su ba.

Cikinsu akwai wani magini mai tabo a goshi. Sau biyu hukuma na kwashe shi a mota don ba shi da takardun zama, a zube shi bakin iyaka, yana dawowa, saboda ɗiya biyar da ya baro gida. Tun da ya dangwala bai koma wurin gini ba, ya ƙulle kayansa yana jiran ranar da takardar za ta isa inda za ta isa. Na aika a kira shi. Ya zo, amma ya tsaya nesa da rumfa.

"Inna," ya ce, "ashe ke ma kin fara aikin buro irin na hukuma?"

Ko mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa faɗa mini maganar da ta soke ni haka ba.

Washegari na jira lokacin da magina ke saukowa cin abinci. Na kwashe takardun a gaban idonsu, na cusa su ƙarƙashin tukunya. Jikata ta riƙe mini hannu, ta ce ba wanda zai gan su sai malaminta, a akwati ake kulle su.

"Kaka, shekarata guda kike ƙonawa."

"Shekara tana dawowa," na ce. "Shi in aka kwashe shi, akwatin malaminki ne zai ciyar da ɗiyansa?"

Mai tabon ya matso, ya duƙa ya dubi tokar, ya tona ta da tsinke. Sannan ya ja butar ya wanke hannu. Sauran suka biyo shi.

Shekarar kuwa ta tafi. Sai da ta sake littafin tun daga farko, ubanta ya yi wata biyu yana gaishe ni a tsaye. Ban ba kowa haƙuri ba. Fushina ma ba da yarinyar ba ne. Da waɗanda suka zaunar da ita shekara da shekaru ne, suna koya mata yaƙin ƙasashen da ba ta taɓa gani ba, babu ko ɗaya da ya gaya mata cewa mai gudun a kama shi ba abin da yake tsoro kamar sunansa a takarda.

Sauran hutun nata a bakin bahon wanke-wanke ta yi shi. Ana gobe za ta koma jami'a, mai tabon ya gama cin tuwonsa bai tashi ba. Ya fara ba ta labarin ƙanensa da ya binne a hanya, ba wanda ya tambaye shi. Na ga hannunta ya nufi jakar da take ajiye alƙalami da takarda. Na yi gyaran murya. Ta mayar da shi cikin ruwan kwanuka.