Kawu a Gefen Hoto

Mun tashi da asuba daga Karaye, ni da Umma, ana ɗan yayyafi. Jakar makarantata ce a bayana, amma babu littafi ko ɗaya a ciki. Laftof ɗin yayana ne, na naɗe shi da zanin Umma na sa a leda, sai baƙar wayar da ake haɗa shi da talabijin. Yaya ya nuna mini yadda ake yi, ya ce abu ne mai sauƙi. A raina na ce ai dole ya yi sauƙi, tunda ba shi zai yi a gaban mutane ba.

Ga dalilin tafiyar. Kawuna, yayan Umma, ya rasu a Rogo a farkon daminar nan. Kafin rasuwarsa ya zo bikin raba kyaututtuka na makarantarmu, aka ɗauki bidiyo aka sa a intanet. Wata rana ina kallo sai na hango shi can gefe, a kujerar ƙarshe ta hannun dama, yana fifita da hularsa yana dariya. Da Umma ta faɗa wa Inna, matarsa, a waya, sai Inna ta ce ba ta da hotonsa mai motsi ko guda. Idonta ba ya ganin abu a waya, kuma tana takaba, ba ta fita ko'ina. Dole hoton ne zai je ya same ta a ɗakinta.

A tasha Umma ta sha koko da ƙosai, ni na kasa. Direba ya miƙo hannu zai jefa jakata a but tare da buhunan taki. Sai na ƙanƙame ta kawai. Wani dattijo da ke kujerar gaba ya ce, "Ƙyale ta, malam, zinare ta ɗauko." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na ja hijabi na rufe rabin fuska.

Hanya ta yi kore shar. Dawa ta fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe kunya, masara ta goyu. Amma ni ramuka na fi lura da su. Duk wanda muka faɗa sai in ji kamar gilashin laftof ne ya tsage, in sa hannu ta cikin leda in shafa. A wani ƙauye mota ta tsaya aka ɗauki mata biyu da kaji, Umma ta sayi dafaffiyar gyaɗa tana mitar gwangwanin awo kullum ƙara ƙanƙancewa yake.

Dabarar Umma ita ce mu yi sammako mu riga masu zuwa gaisuwa. Muna shiga gidan a Sabon Garin Rogo na ga takalma jere a ƙofar ɗaki. Ashe labari ya riga mu isowa. Maƙwabta sun cika tabarma. Na durƙusa na gaida Inna, na yi mata ya ƙarin haƙuri, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar gidan Kawu, ke ce mai kawo mini shi?" Na ce in sha Allahu, da muryar da ni ma da kyar na ji.

Talabijin ɗin na lulluɓe da ƙyalle, ba a kunna shi ba tun rasuwar. Babu wuta, sai batirin sola, ga shi rana ta ƙi fitowa, akwatin batirin yana ta ƙiftawa da jar fitila. Na laluba bayan talabijin da yatsa har na sami ramin, na soka waya. Shuɗi kawai ya nuna. Rimot ya mutu, sai na bi maɓallan da ke gefe ina dannawa, mata suna bin hannuna da ido, har fuskar laftof ta bayyana. Wayar Umma kuma, da ita muke jan data, sai da na ɗora ta a kan taga kafin ta kama. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a tsakiyar talabijin.

Can hoto ya zo. Na tura shi gaba zuwa daidai wurin da na sani. A laftof ga Kawu nan ɓaro-ɓaro. Na ɗaga kai na dubi talabijin, babu shi. Gwiwar hannu kawai da bakin hula ke shigowa suna fita.

"Ina yake?" in ji Inna.

Wata maƙwabciya ta ce, "Anya, yarinyar nan ba mai kama da shi ta gani ba?"

Na kai wa Inna laftof har gabanta, ta ƙanƙance ido ta girgiza kai. Kiran Yaya kuma ba dama, in na taɓa wayar Umma komai zai tsinke. Na koma na tsura wa talabijin ido don kada in dubi kowa. A nan na lura ƙyallen da aka rubuta sunan makarantarmu shi ma haruffan ƙarshe sun ɓace. Wato talabijin ne ke cinye gefen hoto. Na rage girman bidiyon, na ja shi tsakiya.

Ga Kawu.

Inna ta ja jiki har gaban gilashin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hular nan fa na ce masa ta tsufa, ya bar ta a gida. Ji abin da yake yi da ita." Dariya ta zo mata tare da hawaye, Umma ma ta juya baya. Inna ta ce in mayar. Na mayar. Ta ce in ƙara.

"To wai me ya ba shi dariya haka?"

Ba yadda zan yi, na nuna mata tsakiyar hoton, inda ba wanda ya kula da shi. Ni ce na karɓi kyauta na juya da gudu, shugaban makaranta yana tsaye yana jiran a ɗauke mu hoto. Ɗaki ya kaure da shewa. Inna ta ce, "Ashe ke yake kallo." Muka yi ta maimaitawa har sola ya yi ƙara ya ɗauke.

Sai a lokacin na ji yunwa. Na ci tuwon masara da miyar kuɓewa har da ƙari. Bayan la'asar muka kamo hanya, muka shigo Karaye ana kiran magariba.

Abin da na koyo, duk mai haɗa laftof da tsohon talabijin ya fara duba gefuna kafin ya tara jama'a. Na kuma je ina tsoron kada in sa Inna kuka. Ta yi kukan, kuma da muka zo tafiya ta rako mu iyakar inda takaba ta yarda mata, bakin zaure, ta ce Asabar mai zuwa in zo da rana tsaka, lokacin da batir ya cika.