Kan Jirgin da ke Dafa Ruwan Jego

Lokacin da nake Sin, a wani lungu bayan kasuwar Canaan ta Guangzhou akwai wata tsohuwa mai gasa masara a kan kwal. Duk ranar da na gama sarin kayan yara na biyo ta wurinta, warin hayaƙin nan sai ya tsayar da ni cak. Takan miƙo masara, in girgiza kai, ta yi tsaki da yarensu. Ba ta san ƙauyenmu nake shaƙa ba.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka taɓa jin akwai wani siririn layin dogo da ya tashi daga Zariya ya hau duwatsu zuwa Jos ba. Don kuza aka shimfiɗa shi. Kakana na wajen uba shi ne mai zuba wuta a ɗaya daga ƙananan kawunan jirgin da Turawa suka kawo wa layin, kuma yakan ce taku ɗaya yake yi ya tsallake faɗin layin. Ƙauyenmu wurin shan ruwan jirgi ne. Da aka rufe layin aka kwashe ƙarafuna, an yanyanka 'yan uwan wannan kan jirgi, shi kuwa ƙafarsa ta samu matsala, aka bar shi a gefe da cewa za a dawo. Har kaka ya rasu ba a dawo ba.

Ni ban taɓa ganin yana tafiya ba. Na tashi na tarar da shi a bayan gidanmu, baƙi, gajere, da dogon bututu, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Da damina ciyawa kan kai masa wuya, kaka ya bi ta da lauje yana faɗa kamar ciyawar na ji. Da rani ya shafe shi da baƙin mai. Mutum ne mai taurin kai, kuma a wurinsa na gada.

Amma matan gari ne suka ba shi aiki. Wankan jego yana cin itace da ruwa, kwana arba'in safe da yamma, tukwane ba sa isa. Gwaggona, wadda ita ce babbar 'yar kaka, ta lura cewa cikin jirgin nan ba komai ba ne illa ƙatuwar tukunya. Kaka ya koya mata yadda ake cika shi da ruwa kafin a hura wuta, da yadda ake barin murfi a buɗe don kada tururi ya taru. Tun daga nan, in ka ga hayaƙi daga bututun, an yi haihuwa a gari. Ina tuna layin bokitai da sanyin safiya, da ƙanshin ganyen darbejiya, da tsofaffi suna tsokanar angon ƙarni cewa itacen da ya kawo bai isa dafa shayi ba. Wata rana na tambayi kaka ko jirgin ya mutu ne. Ya dube ni rai a ɓace ya ce, “Abin da ke da wuta a ciki ba a kiransa gawa. Kada in ƙara ji.”

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, ina Guangzhou. Ƙarfe ya yi daraja a lokacin, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun bazu ƙauyuka, ko murfin rijiya ba su bari. Biza kuma ta yi wuya. Duk inda ka je neman ƙarin kwanaki sai ka ji “meyo”, wato babu, kuma kowa ya san wanda ya fita da kyar zai sake shigowa. Ni kuwa sai a lokacin na samu lawban, mai shagon da ya yarda da ni, bayan shekaru ina fama.

Ana cikin haka ƙanena ya kira. Ya yi doguwar gaisuwa irin wadda bai saba ba, ya gaya mini matarsa ta sauka lafiya, sannan ya shigo da maganar. Ya riga ya daidaita da 'yan gwangwan, mai gari bai hana ba tunda babu takardar da ta ce na wani ne, jibi za su zo da wutar yanka. Abin da yake so a wurina kawai in samo masa mai saye a nan, a loda a kwantena.

Ya ce, “Yaya, ƙarfe ne fa. Tsatsa ke cinsa a banza.”

Na ce, “Ƙarfen nan shi ya dafa ruwan da aka wanke mahaifiyarmu ranar da ta haife ka. Ba da hannuna ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira gwaggo, wadda a lokacin sai da sanda take tafiya. Ta saurare ni har na gama, ta tambaye ni abu ɗaya, ko matar yaron nan ta fara wanka. Na ce a tukunyar gida ake dafa mata. Ta ce to daga gobe an daina.

Da 'yan gwangwan suka iso sun tarar da hayaƙi na tashi, bokitai a jere, gwaggo zaune a mazaunin direba. Ta ce musu ruwan mai jego ne a ciki, wanda ya isa ya kashe wutar. Babu namijin da zai so a ce shi ya yi. Suka ce za su dawo bayan arba'in. Na san kwana arba'in kaɗai gwaggo ta saya mini, kuma na san abin da fita daga Sin ke nufi. Lawban ya yi ta nuna mini kalanda yana cewa in jira a gama wasanni. Na yi masa godiya na hau jirgin sama zuwa gida.

Gida gida na bi. Duk matar da ta taɓa wanka da ruwan nan na ce ta ɗauko mayafinta. Muka cika ƙofar mai gari, har da mahaifiyarsa, wadda ta tuna masa a gaban jama'a cewa ita ma da ruwan nan ta yi nata wankan. Bai ɗaga kai ba ya ce a bar jirgi inda yake.

Ban sake samun biza ba. Kasuwancin da na gina ya watse, yanzu a gida nake sayar da atamfa. Ƙanena sai ranar Sallah yake gaishe ni, kuma abin yana yi mini ciwo. Gwaggo ta rasu. Mata yanzu a asibiti suke haihuwa, ana hana su ruwa mai zafi sosai, masu yi ma da butar lantarki suke yi. Tukunyar jirgin na yoyo a wuri biyu. Akwai masu cewa na zubar da arzikina saboda abin da ba zai ƙara motsi ba, kuma ban taɓa ba su amsa ba.

Watan jiya na ga an daɗe ba a nemi jirgin ba, sai na cika shi da ruwa na hura. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ta haihu. Na ce babu kowa, ta kawo bokitinta.