Albasar da ta Kori Sallau

In ka tambayi tsofaffin Yelwa wane ne Sallau mai ƙararrawa, za su ce maka wani dogon mutum ne mai tafiya kamar bai gama farkawa ba. Gaskiya suka faɗa, amma ko rabinsa ba su sani ba. Ni Kulu na san shi, don shekara da shekaru jirgi ɗaya muke shiga, ni da kwandon albasata, shi da filafilinsa da surutunsa na mafarki.

Mutumin Shanga ne. Ya zo Yelwa a shekarar da aka samu 'yancin kai, bayan matarsa ta rasu ya bar 'yarsa Asma'u a hannun ƙanwarsa. Ya samu aiki a wata makarantar firamare: shara, ɗebo ruwa, da buga ƙararrawa. Ƙararrawar ma wani tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Albashin kuwa kada ma ka tambaya. Ya zaga gari yana neman ɗakin haya, a lokacin kuwa malamai da akawuna sun cika Yelwa, masu gidaje sun sha ƙamshi. Duk inda ya shiga sai a faɗa masa kuɗin da in ya biya, to shi da Asma'u sai dai su ci iska. Wani mai kifi ne ya ji tausayinsa ya ce, "Malam, ƙetara gungu mana. Can ɗaki ya fi mutane yawa."

Haka ya faɗo gungunmu, tsibirin da ke tsakiyar kogin Kwara, gidan Dudu maƙwabciyata. Dudu tsohuwa ce daga cikinmu Gungawa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta babu wanda ya rayu, ga baki kamar barkono. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce hayarta gishiri ne da kananzir, sai kuma ya riƙa kai mata albasa kasuwa. Ta nuna masa tsohon jirgin mijinta ta ce, "Ga motarka nan." Mutumin tudu ne, bai taɓa riƙe filafili ba. Makon farko mun sha dariya har cikinmu ya ƙulle, jirgi yana ta juyi da shi a wuri ɗaya shi kuma yana ba ruwa haƙuri.

Dudu ba ta salla, addinin kakanninta take bi, amma ita ke tashinsa da asuba. Za ta bubbuga ƙyauren ta ce, "Tashi ɗan haya, lokacin sallarka ya yi." Ɗan haya take ce masa kullum, shi kuma tun watan farko ya koma ce mata Inna.

Wayyo, ƙetaren nan na safe! Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ruwa kwance lumui yana fitar da tururi, balbelu na tashi daga ciyawar gaɓa, hayaƙin masu suyar ƙosai na Yelwa yana zuwa ya tarye mu tun muna tsakiya. Tafiyar ba ta da wani nisa, kafin ka gama gaisawa da mutanen jirgin da ke kusa kun isa. Amma Sallau a ɗan wannan tsakanin yake gina gidansa da baki. Yau ya sa masa taga mai kallon kogi, gobe ya dasa lemo a tsakar gida, jibi Asma'u ta zama malama tana dawowa daga aiki da laima a hannu. Nakan ce, "Sallau, tuƙa mu kai kasuwa, ka ƙarasa rufin da yamma." Sai ya yi murmushi ya ce ai rufin an gama tun jiya, fenti ya rage.

Da ya isa ya buga wilin nan, ƙarar takan bi saman ruwa har gungu. Dudu na tsakiyar fadamarta tana ban ruwa da ƙwarya, sai ta miƙe ta ce, "To, ya kai." Daga nan ne hankalinta ke kwanciya ta ci abinci.

Akwai wata al'ada tamu da ya tarar. Idan aka cire albasa da bazara, ɗakin da ya fi iska a gida nata ne. Ba a tara ta tuli, sai ta ruɓe. Shimfiɗa ta ake yi a ƙasa a inuwa. Mai gida ma fita yake ya kwana a waje. Ɗakin Sallau shi ne mai iskar, don haka kowace shekara yakan naɗe tabarmarsa ya koma ƙarƙashin tsamiya har a sayar. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan ce albasa ita ce uwar gida, shi baƙo ne.

Sai maganar dam ta zo. Aka ce ana datse Kwara a Kainji, ruwa zai hau ya cinye gungu. Mu dai muka ji da kunne. Mun san farin ruwa, mun san baƙin ruwa, cikowar kogi biyu ta kowace shekara, kowanne in ya zo yakan gaji ya koma. Ko da aka kwashe mu a shekarar sittin da takwas aka kai mu sabon ƙauyen da gwamnati ta gina can ƙasa a ɗaya gaɓar, da yawanmu mun bar turame da duwatsun niƙa a gungu, wai kafin mu dawo. Sallau ya fi kowa yarda da haka. Ya ce wa Dudu, "Inna, bari damina ta wuce ki gani."

Damina ta wuce, ruwa bai koma ba. Kogin da muka sani ya buɗe ya zama wani abu mai faɗi wanda ba mu da sunansa a bakinmu, sai daga baya muka koyi ce masa tafki.

Gidajen siminti ne aka ba mu, masu kumburarren rufi, da rana zafi, in ka yi tari a ciki sai ɗakin ya amsa maka. Wasu suka zuba awaki a ciki suka yi bukka a waje. Ɗaki dai ga shi nan banza, ko gishirin ma Dudu ta ce ta yafe. Fadamarta kuwa tana ƙarƙashin ruwa, kuma ba ta da ƙarfin sare sabuwa. Mu masu sauran ƙarfi muka ɗan tayar da kwamin albasa a sabuwar gaɓa. Ita sai zama. Sallau ne cefanenta, shi ne itacenta, shi ne abokin faɗanta.

Tafiya aiki kuwa ta zama wani abu dabam. Sai ya tashi tun taurari ba su gama dushewa ba, ya yi ta tuƙi, rana ta fito ta same shi bai ko hango Yelwa ba. Ranakun kasuwa nakan bi shi. Hanyar ta kan tsohon gungunmu take bi, inda kawunan giginya kawai suka rage a saman ruwa, tsuntsaye na zaune a kai. Da mun iso nan sai ya ɗaga filafili ya bar jirgi ya yi ta shawagi. Ya leƙa ƙasa ya ce, "Kulu, yanzu muna bisa ɗakina. Ga tsamiya can. Ina jin kifaye sun kama haya." Ni ma nakan leƙa, Allah ya sani, kuma wani lokaci sai in ga kamar ga rufin nan yana motsi a ƙasa. Sannan in farga in daka masa tsawa, "Kai malam, yara na can tsaye suna jiran ƙararrawa!"

Mutumin da aikinsa shi ne ya gaya wa kowa cewa lokaci ya yi, shi ne ya koma makara. Ga kuma iska. Kogi bai san igiyar ruwa ba, tafki kuwa da iska ta taso sai ya miƙe tsaye, jiragenmu ƙanana ne ba a sassaƙa su don haka ba. Wata safiya igiya ta kife shi, masunta suka tsamo shi yana riƙe da kan giginya. Ya rame, tari ya kama shi. Hedimasta, mutumin kirki ne amma haƙurinsa ya ƙare, ya ce masa ko dai ya dawo gari ko ya ajiye aiki. Har ya samo masa rabin ɗaki a can ƙarshen Yelwa wajen wani mai gadi, ba arha ba, amma ana iya zuwa makaranta da ƙafa. Sallau ya ce zai yi tunani. Tunanin Sallau kuwa, ai sai a shekara.

Dudu ta gaya masa gatsal ya tafi. Ya yi dariya ya ce, "In na tahi wa zai ɗebo miki ruwa, Inna?" Ta zage shi tas, ya ci tuwonsa ya yi mata sai da safe. Ƙararrawa ba ta isowa sabon ƙauye, don haka tun fitarsa har dawowarsa ba ta sanin ko ya kai ko bai kai ba. Wuni take a bakin ruwa, abinci ya huce a kwano.

Da bazara ta yi muka cire 'yar albasarmu, sai ga Dudu a gidana da sandarta. Ta ce, "Kulu, aron albasa na zo." Na ce guda nawa, na miya? Ta ce, "Duk." Na dube ta, ta dube ni, na gane. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce, "Dudu, in ya tahi ke fa?" Ta ce, "Mi ya dame ki? Yarinya na can Shanga tana cin albashin wanga sakarai. In ruwa ya ci shi, ko aiki ya kuɓuce, ni zan ciyar da ita?" Ta bi gida gida haka. Babu wadda ta hana ta.

Ranar da ya tafi aiki muka yi ta jido. Muka shimfiɗe albasa a ɗakinsa daga bango zuwa bango, ja da fara, har bakin ƙofa. Dudu da kanta ta naɗe tabarmarsa, ta haɗa butarsa da akwatinsa ta ajiye a waje. Tana yi bakinta bai daina faɗa ba.

Ya dawo da la'asar, jiƙe har gwiwa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya daɗe yana kallo. Dudu ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ta shiga fataucin albasa, wannan kuma ba ta sayarwa sai farashi ya hau, in ta sayar wata za ta zuba. Ɗaki ya zama na albasa daga yau. Kwanan waje kuma babu, ga damina tafe, ba ta son gawar baƙo a ƙofar gidanta.

Ya ce, "Inna, korata kike?"

Ta ce, "Ɗan haya ne kai ko ɗan gida?"

Ban taɓa jin magana ta yi mini zafi haka ba, ni da ba da ni ake ba. Sallau ya sunkuyar da kai. Ya san al'ada, bai taɓa ja da albasa ba. Da safe ya cika mata randa, ya faskara itace ya jera, ya ɗauki akwatinsa. Ya so ya bar jirgin, ta ce ya tafi da shi, tarkace ne ya tare mata gaɓa.

Ya zauna a Yelwa. Ƙararrawa ta koma bugawa a kan kari, tarin ya tafi, aikin nan ya riƙe shi har tsufa, Asma'u ma daga baya ya ɗauko ta ta shiga makarantar. Mu kuwa kwana kaɗan da tafiyarsa kowa ya je ya kwashe albasarsa, don mu ma ita ce abincinmu. Dudu ta share ɗakin ta rufe. Ruwa da itace muka raba a tsakaninmu muna kai mata, tana karɓa tana kushewa.

Wata Asabar, ba a fi wata ɗaya ba, ina gidanta ina tsince mata shinkafa sai ga sallama. Sallau ne, da gishiri da kwalbar kananzir. Kafin ɗayarmu ta motsa ya riga ya tura ƙyauren tsohon ɗakinsa. Wayam, ko ɓawo babu, sai wari kawai da ya kama siminti. Ni dai na kasa ɗaga kai daga faifai.

Da ya fito ya zauna a gabanta ya ce, "Inna, kin sayar da wuri."

Ta ce, "Kasuwa ta yi kyau."

Ya ce, "Madalla. Allah shi ƙara albarka."

Ta ce wata albasar na nan tafe, kada ya sa rai. Ya ce ya sani. Ta zuba masa tuwo ya ci, ya ba ta labarin mai gadin da ke minshari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce hayaƙi ne. Rana na karkatawa ta ce ya tashi kafin iskar la'asar ta taso. Muka raka shi bakin ruwa. Ya tura jirgi ya shiga, bai waiwayo ba, ita ma ba ta ɗaga hannu ba. Sai da na dawo gida na ga shatin yatsunta a wuyan hannuna.